Manifol ɗin iska da na hayaƙi: bambancin ɗaurinsu a tsohuwar Hilux

Wani ɗan'uwa mai tsohuwar a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux, mai injin 22R, ya tambaya ko ƙarfi ɗaya ake ɗaure notinan manifol ɗin iska da na hayaƙi (wato bututan da ke shigar da haɗin iska da mai cikin inji da waɗanda ke fitar da hayaƙi), domin ya canja gasket, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin manifol da inji, sau biyu amma ƙarar da injin ke yi ba ta daina ba. Malam, ƙarfin ba ɗaya ba ne.

Manifol ɗin iska, wanda kafireta ke zaune a kansa, alminiyam ne, kuma littafin gyaran Toyota ya ƙayyade masa mita-Niyutan 19 kacal a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Idan bai ɗauru ba, iska za ta riƙa kutsawa ta gefe, mai ya yi ƙaranci a cikin haɗin, silo ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na hayaƙi kuwa ƙarfen zubi ne, kuma ƙarfinsa 44 ne, fiye da ninki biyu ke nan.

A na hayaƙin ne aka fi samun matsala, saboda yana ɗaukar zafi sosai, yana buɗewa yana tsukewa, alhali kan injin da aka ɗaure shi a jiki alminiyam ne mai laushi. Bakaniken da ya zura bututu a sifana domin ƙarin ƙarfi yakan cinye zaren ramin ko ya karya kusar a ciki, kuma ciro guntun aiki ne na yini guda. Alamar yoyon manifol ɗin hayaƙi ita ce ƙarar tak-tak da safe wadda ke raguwa idan inji ya yi zafi, tare da baƙin hayaƙi a bakin gasket. Tun da naka ya ci gasket biyu, ina zargin fuskar manifol ɗin ta lanƙwashe, don haka ka ɗora mata miƙaƙƙen ƙarfe ka gani kafin ka sayi na uku.

Tsarin ɗaurin kam ɗaya ne ga duka biyun: a bar inji ya huce, a goge fuskoki da zare, a fara daga notinan tsakiya ana fita gefe-gefe, a zagaye uku ana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, da sifana mai awo. Jin hannu kaɗai, ko na gwani ne, ba abin dogaro ba ne a kan alminiyam. Na hayaƙi yana buƙatar a sake bin notinansa bayan motar ta yi tafiyar kwana biyu ta huce.