GARGAƊI: Mai tallan "wayar azurfa" ta hedifon ya cinye min ₦185,000

₦185,000, jama'a. Ba kuɗin hedifon ba fa, kuɗin wayar da ake jona shi da ita kawai, wadda tsawonta bai kai mita biyu ba. ₦185,000 na tura wa mutumin nan da hannuna.

Kuma kafin wani ya ce "wa ya aike ka", a sani ni ba baƙo ba ne a harkar sauti, da ita nake ci. Da hedifon Sennheiser HD 600 nake aiki a situdiyo. Na san azurfa ba ta fi jan ƙarfe ɗaukar lantarki da komai ba sai kusan kashi 6 cikin ɗari. Na san hedifon irin nawa mai ohm 300 (ohm shi ne ma'aunin tirjiyar lantarki) bai damu da 'yar tirjiyar waya wadda ko ohm ɗaya ba ta kai ba. Duk na faɗa masa haka ido da ido. Sai ya yi murmushi ya ce, "Oga, kar ka yarda da bakina, kunnenka ne alƙali."

Wannan maganar ce ke hana ni barci. Kunnenka ne alƙali. Wane mai gaskiya ne zai ƙi tayin gwaji? Ya fito da 'yar na'urarsa ta ƙara ƙarfin sauti, ya jona wayata ta asali a ramin 3.5mm, na saurara. Ya cire, ya sa tasa a ramin 4.4mm, waƙa ɗaya, daidai wuri ɗaya. Har hannayensa ya ɗaga sama: "Ka ga dai ban taɓa bolum ba." Kuma wallahi bai taɓa ba, ina kallonsa. Ganga ta cika, murya ta matso, komai ya buɗe. Yaron da ke taya ni aiki ma ya sa a kunne ya ce, "Kai, Oga, akwai bambanci." Mu biyu fa.

Ashe a nan mugunta take. A yawancin irin waɗannan na'urori, ramin 4.4mm yana fitar da wuta ninki biyu na ramin 3.5mm, ƙarin kusan desibel 6 ke nan a ma'aunin ƙarar sauti. Kunnen ɗan Adam kuwa duk abin da ya fi ƙara shi yake ɗauka ya fi daɗi. To ku faɗa min, wa zai tsallake wannan? Rami ya canza, ba waya ba ce ta yi aikin.

Af, kafin ma ya zo, a Instagram muka fara magana. Ya turo hoton kwali mai kyau, an rubuta OCC (sunan wata hanyar zubin ƙarfen waya), an rubuta 7N (alamar tsabtar ƙarfen), ya ce azurfa ce zalla, har da labarin farfesa Ohno na Japan da ya ƙirƙiro hanyar zubin. Farfesan gaskiya ne, fasahar ma gaskiya ce, shi ya sa ƙaryar ta zauna. Da farko ₦240,000 ya ce, ya sauko ₦185,000 wai don ni ɗan'uwa ne. Har jam'in la'asar ya bi mu kafin alat ya shiga. Ko bayan ya shiga ne? Oho, ya dai yi sallah a gefena.

Da na jona sabuwar wayar a na'urata da adafta, babu wani bambanci da tsohuwar. Na kira shi. Ya ce ai sabuwar azurfa sai ta yi awa 200 tana aiki kafin ta "buɗe". Lokaci yake saye, munafuki. Ana cikin jiran buɗewar sai kunnen hagu ya fara ɗaukewa. Na kai wa mai gyara, ya kwance kan, ya sa reza ya kankare siliƙi ɗaya a gabana. Farin ya tafi, ja ya fito. Jan ƙarfe ne aka shafa wa fari. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, nawa ka saya?" Ban iya buɗe baki na ce ₦185,000 ba.

Na tura masa hoton, ya gani, ya toshe ni a WhatsApp, shafin nasa ma ya canza suna. Sunan da ke asusun bankin dama ba nasa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne. Ban yafe ba.

Rasit ɗin tiransifa, hotunan hirarmu, saƙon muryarsa na awa 200 ɗin nan da bidiyon kankarewar duk suna hannuna, zan ɗora su da daddare in na rufe lambobin asusun.

Duk wanda zai gwada muku waya, rami ɗaya, ƙara ɗaya, na'urarku ba tasa ba, kuma wani ya riƙa canzawa kuna juya baya. In ya ƙi, ku kore shi. In kuma ya taɓa cin kuɗinku ku yi min magana, ofishin 'yan sanda zan je.