Labarin tafiya ko maƙalar adabi: wanne ya dace da Agadas?

'Yar'uwa, kin ce kin dawo daga Agadas da littafi cike da rubutu, kina tambaya ko labarin tafiya za ki yi ko maƙalar adabi, kuma me ya raba su.

Labarin tafiya hanya ce ke jan sa. An tashi Kano, an bi ta Daura, an ƙetare iyaka a Kongolam, an kwana Damagaram, sai Tanut, sai Agadas. Abin da ya fara faruwa shi ke fara hawa takarda. Haka Dorugu ya yi, yaron ƙasar Damagaram da Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon binciken ƙasashe, ya tafi da shi Ingila a 1855: yana ba da labari daki-daki, wani ɗan mishan mai suna J. F. Schön na rubutawa. Abubakar Imam ma da ya dawo daga Ingila a 1943, cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, wannan hanya ya bi a Tafiya Mabuɗin Ilmi. Mai karatu ya zama abokin tafiya, ana nuna masa abin da bai taɓa gani ba.

Maƙala kuwa tambaya ce ke jan ta, ba ruwanta da wace rana aka isa ina. Ɗauki mutumin nan da kika ambata, Buzun da ya rufe baki da amawali, ya yi miki cinikin kantun gishiri da Hausa garau, sannan ya juya ya tsawata wa ɗansa da Tamashek. Mai labarin tafiya layi biyu zai ba shi ya wuce. Mai maƙala a nan zai shimfiɗa tabarma. Ta yaya Hausa ta zama harshen kasuwa a tsakiyar Abzin? Sai ki bi ayarin raƙuman da ke ɗauko gishiri daga Bilma da Fachi, su gangaro kudu su sayi gero. Ki duba rawanin kansa, mai yiwuwa a Kura aka rina shi aka buge shi har ya yi wannan sheƙi. Ki tuna a cikin birnin Kano akwai unguwa mai suna Agadasawa. Kafin ki ankara kina tambayar kanki: Hausancin nan da nake tinƙaho da shi, jini ne, ko harshe, ko zaman tare? Wannan wurin ne ya fi daɗa ni da ƙasa a maƙala, domin ana fita kallon wasu, a dawo ana kallon gida.

Hasumiyar babban masallacin Agadas ma haka. Labarin tafiya zai ce tsayinta mita 27, an gina ta da ƙasa wajen 1515, an sake gina ta a 1844, UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Maƙala kuwa za ta tambaya me ya sa mu muke rushe soron kakanninmu mu kafa bulo.

Kowanne da cutarsa. Labarin tafiya yakan koma "muka ci, muka kwana, muka tashi". Maƙala, in babu ƙura da ƙamshin shayi a cikinta, sai ta rikiɗe ta zama wa'azi, kuma wannan ya fi muni.

Ni dai maƙala nake so ki yi, tunda sau uku kika dawo kan mai gishirin nan a tambayarki. Da shi za ki buɗe, yana ɗaga kantu yana faɗin kuɗinsa.