Gargaɗi ga masu rubuta manhaja: kada ku kunna aikin gwajin da baƙo ya turo muku

Duk wanda ke rubuta manhaja, ko yake koyon harkar tsaron intanet, ko yake da ƙani ko ɗa da ke kwana gaban laftof yana neman aikin ƙasar waje, don Allah ya tsaya ya karanta wannan. Akwai wata damfara da ke yawo wadda mu aka ɗinka wa ita, mu ɗin nan da ake kawo wa waya a unguwa idan an ƙwace wa mutum Facebook ko WhatsApp.

Ga yadda take zuwa. Wani zai turo maka saƙo ta LinkedIn, ko X, ko Telegram, ko Discord, ya ce shi mai ɗaukar ma'aikata ne na wani kamfanin kirifto ko na wasannin intanet. Hotonsa tsaf, Turancinsa tsaf, ya ce ya leƙa ayyukanka a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, sun burge shi. Aiki daga gida, albashi da dala. Ba zai nemi ko kwabo a hannunka ba, kuma nan ne mutane ke sakin jiki, domin mun saba ɗan damfara kuɗin fom yake fara tambaya. Za ku yi ta hira, wani lokaci har da kiran bidiyo. Daga nan sai ya ce saura mataki ɗaya: ga wata manhaja da muke ginawa a GitHub ko Bitbucket, sauke ta ka kunna a kwamfutarka, ka gyara mana wata 'yar matsala, ko ka faɗi ra'ayinka a kanta. Ka sauke, ka buga npm install, ka buga npm start, wato umarnin da ke janyo kayan da manhajar ke buƙata da wanda ke kunna ta, shafi ya buɗe kamar na gaske. A cikin waɗannan 'yan daƙiƙu an gama da kai.

A cikin wani fayil da ba wanda ke damuwa ya buɗe, sun cusa layi guda da aka cukurkuɗe. Wani lokaci ana tura layin can ƙarshen dama da dogon fili, yadda ba zai fito a allo ba sai ka ja. Wani lokacin kuma yana cikin ɗaya daga cikin ƙunshin da npm zai janyo maka da kansa. Da ya tashi, sai ya bi burauzarka ya kwashe kalmomin sirrin da ka ajiye a Chrome ko Brave, ya kwashe bayanan asusun kirifto irin su MetaMask da Phantom, ya lalubi duk fayil ɗin da ke ɗauke da makullai, sannan ya janyo ɗan'uwansa da zai zauna a kwamfutar yana naɗar duk abin da ka buga da duk abin da ka kwafa. Masu bincike na Unit 42, sashen kamfanin Palo Alto Networks, sun bayyana wannan salo a watan Nuwamban 2023. Su ne suka sa wa na farkon, mai kwashe bayanan, suna BeaverTail, wanda aka rubuta da JavaScript, na biyun kuma, ɗan'uwan nasa mai zama a kwamfuta, InvisibleFerret, wanda aka rubuta da Python, suka kuma danganta aikin da masu kutsen Koriya ta Arewa. Windows kake amfani da ita, ko Mac, ko Linux, duk ɗaya ne a wurinsu. Masu alfahari da Linux su ji wannan da kyau.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne wani yaro da na sani tun yana koyon Python a wayar Android, yana rubuta darasi a littafin makaranta saboda ba shi da kwamfutar da zai gwada. Laftof ɗinsa ta farko ta hannu ce, mahaifiyarsa ta ɗauki adashinta ta saya masa. Batirin ba ya riƙe wuta, don haka idan an ɗauke wuta sai ya tafi shagon cajin waya ya zauna a benci kusa da janareta, laftof a cinya, hayaƙi na dukan fuskarsa. A haka ya koya har ya fara samun ƙananan ayyuka daga waje. Da yake karɓar dala ta banki wahala ce, da USDT, kirifton da darajarsa ke bin ta dala, ake biyansa, yana tarawa a asusun da ke maƙale a burauzarsa. Niyyarsa ya sayi sola da sabuwar kwamfuta, ya kuma mayar wa tsohuwa kuɗinta.

Bayan sallar asuba ya kira ni, muryarsa na rawa. "Yaya, wallahi ban danna wani link ba, ban ba kowa kalmomina ba. Aikin gwaji kawai na kunna jiya da daddare." Kafin gari ya waye asusun ya koma sifili, wanda ya yi masa alƙawarin aiki kuma ya goge hirarsu ya ɓace. Na je na same shi zaune a tabarma, laftof ɗin a rufe a gefe, ya kasa ko kallonta. Abin da ya fi ci masa rai ba ma kuɗin ba ne. Cewa ya yi, "Yaya, da wane baki zan gaya wa Umma cewa ni aka damfara ta kwamfuta?" Ya daɗe bai faɗa wa kowa a cikin abokan karatunsa ba, kuma wannan shirun na damuna ƙwarai, domin irin saƙon da ya same shi yana nan yana shiga akwatin wasu.

Ina so duk wanda abin ya taɓa faɗa wa ya san cewa waɗanda suka fi mu ƙwarewa nesa ba kusa ba sun faɗa wannan rami. A watan Janairun 2021, sashen Google mai bibiyar barazanar kutse ya fallasa wasu mutane da suka ɗauki watanni suna gina suna a Twitter a matsayin masu binciken tsaro. Sun buɗe shafin rubuce-rubuce, suna wallafa bayanai kan ɓarakar manhajoji, har wasu masu bincike na gaskiya suka rubuta musu maƙala. Sai su tuntuɓi ƙwararre su ce mu haɗa kai mu binciki wata ɓaraka, su tura masa aikin Visual Studio, manhajar da ake rubuta manhajoji da ita, da ya harhaɗa shi sai ƙwayar cutar kwamfutar da suka dasa a ciki ta shiga. Wasu ma shafin kawai suka ziyarta, da Windows 10 da Chrome sababbi fil, aka shige su. Bayan an tona su ba su daina ba, a watan Maris na shekarar suka dawo da wani kamfanin bogi mai suna SecuriElite da suka ce yana Turkiyya.

A Maris ɗin 2022 aka sace kirifto na kimanin dala miliyan 620 daga Ronin, hanyar hada-hadar wasan Axie Infinity, hukumar FBI ta Amurka kuma ta ɗora alhakin a kan ƙungiyar Lazarus ta Koriya ta Arewa. Rahotannin da suka biyo baya sun nuna ta hannun injiniya guda aka shiga. An yi masa tayin aiki a kamfanin da babu shi, ya bi matakan ganawa ɗaya bayan ɗaya, aka turo masa takardar ɗaukar aiki a PDF da albashi mai tsoka, ya buɗe ta a kwamfutar aiki. A Afrilun 2025 kuma aka gano har rajistar kamfanoni suka yi a Amurka don wannan aika-aika, ɗaya daga ciki BlockNovas, wanda FBI ta ƙwace shafinsa. Saboda haka ganin kamfani yana da shafin intanet da rajista bai isa hujja ba.

Wani zai ce to ni me nake da shi da Koriya ta Arewa za ta nema? Ba su san ka ba, kuma ba su damu su san ka ba. Saƙon dubban mutane ake tura wa. Wanda ke da dala ɗari a asusunsa a kwashe, wanda ke da makullin sabar wani kamfani a kwamfutarsa a bi ta kansa a shiga kamfanin. Yanzu da matasanmu suka duƙufa koyon wannan sana'a, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, wasu ta YouTube da kuɗin datar da suka tsimi, kowa ya rubuta a shafinsa cewa yana neman aiki. Mutumin da ya shekara yana tura takardar neman aiki ba a ko amsa masa, ranar da wani ya ce masa "mun zaɓe ka" ba zai tsaya bin fayil ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan ƙishirwar suke amfani da ita, kuma ni a wurina wannan ya fi satar kanta muni.

Salon ma yana sauyawa. Akwai wanda za a tura ka wani shafi ka naɗi bidiyon gabatar da kanka, sai shafin ya ce kyamararka ba ta aiki, ga umarni ka kwafa ka liƙa a tamina, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni, don ta gyaru. Kyamararka lafiyarta ƙalau, umarnin shi ne ƙwayar. Akwai kuma wanda buɗe jakar aikin a manhajar rubuta manhajoji ta VS Code da danna cewa ka amince da masu ita ya isa ya tayar da abin da suka dasa, ko ba ka kunna komai ba.

Masu koyon kutse na halal, ku ma ga naku. Duk lokacin da aka sanar da wata sabuwar ɓaraka, za ku ga mutane sun zuba lambobin gwajinta, wato rubutun manhaja (code) da ke nuna yadda ake shiga ta ɓarakar, a GitHub, kowa na rige-rigen saukewa. A Disambar 2024 masu bincike na Datadog suka bayyana wani da ya yi amfani da irin waɗannan lambobin gwaji na bogi da wata manhaja mai guba ya tara bayanan shiga shafukan WordPress sama da 390,000, ya kuma kwashe makullan SSH da na AWS, waɗanda ake shiga sabobi da su, daga kwamfutocin waɗanda suka sauke. Haka ma kayan aiki masu tsada da ake rabawa kyauta a Telegram wai an fasa su. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sai wata da ta fi kama da taimako. Wani zai ce ka ba shi aron asusunka na LinkedIn ko Upwork, ko ka bar kwamfutarka a kunne ya riƙa shiga ta AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, yana aiki da sunanka, duk wata ya ba ka kaso. Kada ka yarda ko nawa ne. Duk abin da ya aikata da sunanka da katin shaidarka ya aikata shi. A Yulin 2025 wata kotu a Amurka ta yanke wa wata mata 'yar jihar Arizona ɗaurin wata 102 saboda ta tara laftof a gidanta tana yi wa ma'aikatan Koriya ta Arewa irin wannan hidima, suka samu aiki a kamfanonin Amurka sama da 300 da sunayen wasu. A Najeriya ma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana nan.

Abin da nake roƙon kowa shi ne ya ɗauki duk lambar manhajar da baƙo ya turo masa a matsayin guba har sai ya tabbatar. In dole sai ka kunna, ka ƙirƙiri kwamfutar gwaji a cikin kwamfutarka da VirtualBox, wadda babu asusunka ko ɗaya a cikinta, ba ta kuma haɗe da jakunkunanka, in ka gama ka goge ta. Na san da yawa laftof ɗinmu ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan, to ka karanta lambar a burauza tukuna, ka buɗe fayil ɗin package.json da ke cikin aikin ka ga me zai tashi lokacin sakawa. Ka je shafin kamfanin da kanka, ba ta adireshin da ya ba ka ba, ka duba ko aikin na nan, ka rubuta musu ka tambaya ko sun san mutumin. Ka gwada ce masa za ka yi gwajin a kwamfutar gwaji ko a burauza. Mai ɗaukar aiki na gaskiya ba ruwansa da inda ka kunna, amma wannan zai dage sai a kan kwamfutarka, ya fara cewa lokaci na ƙurewa. Kuɗinka kuma ka raba su da na'urar da kake gwaje-gwaje a kanta, kalmomin dawo da asusu 12 ɗin nan su zauna a takarda, ba a hoto ko fayil ba.

In kuwa ka riga ka kunna, kada ka tsaya jiran ganin alama. Cire kwamfutar daga intanet nan take. Ɗauki wata na'ura mai tsabta, ka buɗe sabon asusun kirifto da sababbin kalmomi ka kwashe abin da ya rage, domin tsohon ya tashi daga aiki har abada. Sauya kalmomin sirri, ka fara da imel, ka fitar da duk na'urorin da ke ciki, ka soke makullan GitHub da SSH da na duk sabar da ka taɓa shiga. In kana yi wa wani aiki, ka gaya masa a ranar, ko da za ka ji kunya, kafin a shiga wurinsa ta hanyarka. Goge jakar aikin kaɗai ba ya fitar da ƙwayar, sai an share kwamfutar gaba ɗaya an sake saka mata tsarin aikinta, wato Windows ko wanda kake amfani da shi.

Kafin ka share, ka ɗauki hoton hirarku da adireshin ma'ajiyar lambar da adireshin da aka tura kuɗin. Ka kai rahoto ga GitHub da dandalin da ya same ka don a rufe asusun, ka kai ga cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta 'yan sandan Najeriya ko EFCC, sannan ka sanar a zauren da kuke koyo tare da sunan kamfanin da ya fake da shi. Kuma ka shirya, bayan kwana kaɗan wasu za su ɓullo su ce su ƙwararru ne, za su dawo maka da kirifton da aka sace in ka biya kafin alƙalami. Su ma ɓarayi ne, kada ka tura musu ko sisi.