Batir ne ko ɓangaren mai da wuta? Amsa ga mai Corollar da ke ƙin tashi da asuba

Malam, ka ce tun da hunturu ya kankama Corollarka mai giyar otomatik ba ta tashi da sassafe sai rana ta ɗaga. Bakanike ya ce a sauya fulogi da famfon mai, mai rewaya kuma ya ce batir ne, ka rasa wanda za ka bi. To kada ka ba kowa kuɗi tukuna. Gobe da safe ka kashe rediyo, ka sauke gilashi, ka murɗa makulli ka kasa kunne. Cuta biyu ce daban, kowace da irin kukanta.

In batir ne, inji zai juya da ƙyar, kamar dattijo mai ciwon baya zai miƙe daga tabarma, ko ka ji kat-kat-kat da sauri, fitilun dashbod suna dushewa duk lokacin da ka yi kik. In kuwa ɓangaren mai da wutar fulogi ne, inji zai juya garau da ƙarfinsa, fitilu tar, amma ya ƙi kamawa, ko ya kama ya yi rawa ya mutu.

Mu fara da batir, don nan zargina ya fi karkata. Sanyi yana rage masa kuzari, yana kuma sa baƙin mai ya yi kauri, sai inji ya yi nauyin juyawa daidai lokacin da batir ke da rauni. Sai dai sanyin Kano ba wani abin tsoro ba ne ga lafiyayyen batir. Asubar Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauko wajen digiri 12 ko 13, alhali lambar CCA da ke jikin batir, mai nuna ƙarfinsa na tayar da inji cikin sanyi, ana auna ta ne a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Zafin Afrilu da ke haura 40 shi ke cin batir, ya ƙafar da ruwansa, ya lalata farantan ciki. Hunturu asiri kawai yake tonawa. Ka haɗa da gajeruwar tafiya, kai yara makaranta ka dawo, inda altaneta ba ya samun damar mayar da cajin da kik ya ɗiba.

Gwajinsa ma ba wuya. Mai rewaya ya ɗora mita da safe kafin a taɓa motar. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, in ka ga 12.2, rabin caji ne. A yi kik ana kallon mitar: in ta faɗo ƙasa da 9.6, batir ya gaji. In mota ta tashi, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5, ƙasa da haka altaneta ne ba ya caji, kuma ko sabon batir ka ɗaura zai bi sahun tsohon. Kafin ma a kai ga mita, ka duba kan batir. Farin garin nan da ke taruwa a kai, ko waya mai lilo, sun sa mutane da yawa sayen batirin da ba su buƙata. Ruwan zafi, buroshi da sufana sun isa.

Ɗaya ɓangaren ya fi rikici, don masu laifi sun fi yawa. Fetur ba ya saurin zama tururi a inji mai sanyi, saboda haka sai an ƙara masa mai lokacin tayarwa. A motocin kafireto na da, cok ake ja, wato abin da ke rage iska don mai ya yi yawa. Yanzu biren bokis, wato kwamfutar mota, ke yin wannan, bisa abin da sensar zafin ruwan inji ta gaya masa. In sensar ta yi ƙarya ta ce inji da ɗumi, mai zai yi kaɗan, mota ta yi ta juyawa a banza. Fulogin da ya cinye ma a sanyi yake fara nuna hali. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, ta ɓata sensar iska da bakin totur.

Famfon mai kuwa, a ganina shi ne na ƙarshe a layi, duk da shi bakanikai suka fi saurin ambata. Ka murɗa makulli zuwa ON ba tare da kik ba, a motoci da yawa za ka ji ɗan gurnanin famfon daga wajen tanki na daƙiƙa biyu zuwa uku, sai dai a wasu Toyota famfon ba ya aiki sai an yi kik. In ka ji gurnanin, ka maimaita sau uku sannan ka yi kik. In ta tashi nan take, mai ne ke sulalewa baya cikin dare, a nan maganar bakanike ta sami ƙafa. In ba haka ba, a sa na'urar sikanin a karanta sensa kafin a buɗe tanki.

Akwai na uku da duka su biyun ba su ambata ba: ƙwas ɗaya mai nauyi, fitilu ba su dushe ba, inji bai motsa ba. Wannan kik ɗin ne da kansa, wato na'urar da ke juya inji, galibi buroshinsa ko salanoyid, makunnin da ke tura masa wuta.

Da yake taka tana tashi in rana ta yi, na fi ba mai rewaya gaskiya. Ka tabbatar da jona mata batirin wata mota da safe. In ta tashi bugu ɗaya, magana ta ƙare. Kada ka riƙe kik fiye da daƙiƙa 10, kuma kada a ce za a tura ta, otomatik ba ta tashi da turi. In ta kama ka je kasuwar Ƙofar Ruwa sayen sabon batir, ka duba ranar da aka ƙera shi, ka sa a auna a gabanka. Ka kuma leƙa murfin baƙin mai: in an rubuta 5W-30 amma ana zuba maka 20W-50 da ya fi shi kauri, shi ma yana ƙara wa kik nauyi da asuba. Masu motar dizal a cikinmu kuwa, ku fara da hita fulogi mai ɗumama inji, ku jira fitilarsa ta mutu kafin ku yi kik.