GARGAƊI: mai "saita tsaron Chrome" ya yashe min asusu

Jama'a, naira 340,000. Dubu ɗari uku da arba'in, kuɗin makarantar yara da ragowar na haya, ban da 15,000 ɗin da na tura masa da hannuna a matsayin ladan aiki. Wato na biya ɓarawo lada ya sace ni.

Kuma kada wani ya ce min ban waye ba. Ni nake hana mutanen gidanmu taɓa kowane link. A group ɗin unguwarmu na WhatsApp na ga tallarsa, wai yana saita Chrome a kwamfutar gida yadda yara ba za su ci karo da batsa ba, 'yan damfara kuma ba za su ga password ba. Wane uba ne zai ƙi wannan?

"Alhaji, ai a gabanka zan yi komai, kana kallo." Maganar nan ce take ta dawo min. Kuma a gabana ya yi! Ya sa na sauke AnyDesk, manhajar da ke ba mutum damar sarrafa kwamfutar wani daga nesa, na karanta masa lambarta, ina zaune ina kallon kibiyar tana yawo a allo. A'a, kafin nan ma sai da ya ce in tura 15,000 ɗin. Ya shiga wajen extensions, ƙananan manhajojin da ake ƙara wa Chrome, ya kunna Developer mode, ya ɗora wani abu da ba daga Chrome Web Store ba, sannan ya ce in shiga bankina mu gwada ko kariyar ta kama. Lambar sirrin da banki ya turo wayata, wato OTP, ya ce ta kulle asusun ce, ni kuwa na karanta masa. "A gabanka, Alhaji." Da asuba na tarar da alat, 340,000 ta fita kashi uku, lambarsa a kashe.

Abin da ya fi ƙona min rai, ɗan ƙanwata ya zo ya nuna min duk kariyar nan kyauta ce. Enhanced protection yana cikin Settings, ƙarƙashin Privacy and security. SafeSearch mai tace batsa kyauta, Family Link na sa ido kan yara kyauta. Na 15,000 ke nan!

Hotunan hirarmu, muryoyinsa da rasit duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar banki ya gama nasa binciken.

Kada ku ba kowa lambar AnyDesk, kada ku karanta wa kowa OTP. In ya taɓa muku kwamfuta, ku goge extension ɗin, ku canza password daga wata na'urar, ku kira bankinku yau.