Mai gyaran agogon da ya tantance mana Rolex ɗin mahaifinmu

Da muka zo rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne agogonsa ƙirar Rolex Datejust, wanda ya sayo a Jidda shekarar da ya sauke farali. Malamin da ke rabon ya ce ba zai sa shi cikin lissafi ba sai an san ƙimarsa, ƙima kuwa ba ta samuwa sai an tabbatar ko na asali ne ko jabu. Wani yayana ya auna shi a tafin hannu ya ce nauyinsa ya isa shaida, wani kuma ya ce tunda hannun daƙiƙa yana tafiya sumul ba ya tsalle, magana ta ƙare. Hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai amince da hujjar ’yan’uwana ba, ko da yake ta dace da abin da muke fata. Ya ce masu jabu sun daɗe da koyon ƙara nauyi da sa inji mai tafiya sumul, sannan kamfanin Rolex da kansa ya fitar da Oysterquartz a 1977, mai batir, wanda hannunsa ke tsalle sau ɗaya a kowace daƙiƙa alhali na asali ne. Daga nan ya cire sarƙar, ya maƙala madubin ƙara girma a idonsa, ya duba tsakanin kunnuwan da sarƙa ke kamawa. A ɓangaren ƙarfe 12 akwai lambar samfuri, 16013, a ɓangaren ƙarfe 6 kuma lambar agogon kansa. Ya miƙo mini madubin, na ga zanen lambobin ya nutse cikin ƙarfen, bakinsa da kaifi, yana ƙyalli idan aka karkata shi, ba irin zanen jabu mai kama da yashi ba.

Bai buɗe murfin baya ba sai da ya nemi izinina, kuma a gabana ya buɗe, da makullin da ya dace da haƙoran murfin, ba da wuƙa ba. Wannan kaɗai ya isa in yaba masa, domin na sha ganin agogunan da aka ƙwarzane wajen buɗewa. A ciki akwai inji mai lamba 3035, wanda shi ne ya kamata a samu a wannan samfurin, yana bugawa sau 28,800 a sa’a, ga kuma ƙananan ƙafafun nan jajaye da aka san injinan Rolex da su. Ya murɗa ɗan maɓallin saita lokaci da ke gefen agogon, kwanan wata ya sauya shi kaɗai ba tare da an zagaya da hannaye ba, kamar yadda wannan injin ya gada.

Inda na tabbatar da gwanintarsa shi ne kan fuskar agogon. Ya nuna mini harafin T a gefe da gefen kalmar SWISS a can ƙasa, alamar cewa da sinadarin tiritiyom aka yi ɗigon da ke haske cikin duhu. Ƙarfin wannan sinadari yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da ’yan watanni, saboda haka agogon da ya kai shekara 40 bai kamata ya riƙe haske ba. Ya haska namu da tocila, ya rufe shi cikin aljihun tebur, bayan wani lokaci muka leƙa muka tarar yana nan kore shar. “Alhaji,” in ji shi, “jiki da inji na asali ne, amma an taɓa sake wa fuskar nan fenti, sarƙar ma ba tasa ba ce.” Na ce, “Baba, to jabu ke nan?” Ya girgiza kai, ya ce agogon gaske ne da ya sha gyara, sai dai mai saye da ya san kan abin zai rage kuɗi sosai saboda waɗannan biyun.

Ladan da ya karɓa bai taka kara ya karya ba, kuma ko sau ɗaya bai nemi in sayar masa ba, abin da ya ƙara mini yarda da hukuncinsa. Ƙorafina guda shi ne ba ya ba da takardar shaida, alhali a sha’anin gado maganar baki ba ta wadatar da magada goma sha ɗaya. Sai da na koma washegari tare da yayyena biyu, ya sake cire sarƙar, ya maimaita musu bayanin tun daga farko ba tare da ƙosawa ba, ni kuma na rubuta lambobin biyu da na injin a takardar da muka kai wa malam.