Tsakanin "a" da "the": inda fassara da "wani" take yaudara

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta yi tambaya. An koya mata cewa "a" na Turanci shi ne "wani" ko "wata", "the" kuma shi ne "-n" ko "-r" da muke liƙa wa suna, kamar a "yaron" da "motar". Duk da haka jan biro bai daina bin takardarta ba. Ina gizo yake saƙa?

Malama, abin da aka koya miki gaskiya ne, amma rabi. A cikin labari yana tafiya daidai: "Na ga wani yaro. Yaron yana kuka" ya zama "I saw a boy. The boy was crying." Matsalar ita ce Hausa takan bar suna haka nan ba komai a jikinsa, Turanci kuwa galibi ba ya barin sunan abu guda mai ƙirguwa ya tsaya shi kaɗai. Dubi waɗannan: "Malami ne", "Rufe ƙofa", "Rana ta faɗi". Babu "wani" babu "-r" a ko ɗaya, amma Bature zai ce "He is a teacher", "Close the door", "The sun has set". Mai dogaro da fassara shi ke rubuta "He is teacher".

To, ki ajiye fassara, ki tambayi kanki: mai saurarona ya san takamaiman wanne nake nufi? In ya sani, "the". Ƙofar ɗakin da muke ciki ba ta buƙatar gabatarwa, rana kuma ɗaya ce tal. In bai sani ba, kuma abin guda ne mai ƙirguwa, "a" ko "an". Malami ɗaya ne daga cikin dubban malamai, shi ya sa ya ɗauki "a".

Zaɓi tsakanin "a" da "an" aikin kunne ne, ba na ido ba. Ana cewa "an hour" da "an honest man" domin ba a furta "h" ɗin, amma "a university" da "a European" domin da sautin "yu" suke farawa.

Mai matsakaicin mataki a wani wurin yake tuntuɓe. "The" yana shiga gaban tilo da jam'i da abin da ba a ƙirgawa, "a" kuwa tilo mai ƙirguwa kaɗai yake bi. Mu a Hausa muna cewa shawara ɗaya, shawarwari biyu, bayani da bayanai. A Turanci "advice", "information", "furniture", "luggage" da "equipment" ba sa ƙirguwa, tamkar ruwa ko garin tuwo. Saboda haka "an advice" da "informations" kuskure ne, ko da kin ji su a bakin manyan 'yan boko. Ki ce "some advice" ko "a piece of advice". In kuwa takamaimiyar shawara ce, "the advice you gave me" daidai ne. Haka nan in magana ta game gari ce ba a sa komai: "Water is scarce", amma "The water in this well is bitter".

Wanda ya yi nisa kuma, ma'ana ce take sauya masa da kalma ɗaya. Ɗalibi "goes to school", wato karatu ya kai shi. Mahaifin da ya je ganin shugaban makaranta "goes to the school", ginin ya nufa. Haka "in prison" na ɗaurarre ne, "at the prison" na mai kai ziyara. Mara lafiyar da aka kwantar yana "in hospital" a Turancin Birtaniya, Amurkawa kuwa "in the hospital" suke cewa, don haka ki riƙe salo ɗaya a rubutu guda.

Sunayen wurare sai hadda, hankali ba ya fid da su duka. "Niger" ƙasar Nijar ce, "the Niger" kogin Kwara ne. Ana cewa "the Sahara" amma "Lake Chad" ba komai a gabansa. "The University of Ibadan" tana da "the" saboda "of" ɗin da ke tsakiya, "Bayero University" da "Ahmadu Bello University" kuwa babu.